Daga talabijin zuwa sinima: me ya sa fim ɗin soyayya ke karɓar wani jarumi ya ƙi wani?

Tambaya: Na lura jaruman shirye-shiryen talabijin na Amurka idan za su shiga fim, yawanci da na soyayya mai barkwanci suke buɗe fage. Wasu abin ya karɓe su, wasu kuma daga fim ɗaya ko biyu shiru kake ji. Ina bambancin yake, kuma da me zan auna idan na zo kwatanta finafinan?

Amsa: Malam, lurarka daidai ce, kuma dalilin farko na kuɗi ne da lokaci. Shirin barkwanci na tashoshin Amurka irin su NBC da CBS yakan yi kashi 22 zuwa 24 a shekara, ana fara ɗauka wajen watan Agusta a tashi wajen Maris ko Afrilu. Abin da ya rage wa jarumi bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, ga shi kuma an ɗaure shi da kwantiragin shekara shida ko bakwai. Fim ɗin faɗa ko na yaƙi yana iya cinye rabin shekara. Na soyayya kuwa gida ne da ofis da gidan abinci da titi, cikin wata biyu an naɗe kaya, kuɗinsa kuma a da yakan tsaya tsakanin dala miliyan 20 zuwa 40. Shi ne rigar da ta yi wa hutun daidai. Kamfani yana lissafin ya sami fuskar da miliyoyin mutane suka sani a farashi mai sauƙi, in ma an faɗi ba a karye ba.

Kafin mu shiga kwatance, ka riƙe ma'aunin kasuwa ɗaya: gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla wanda ba ya cikin kuɗin haɗa fim. Saboda haka fim ɗin da aka kashe wa miliyan 30 sai ya kawo wajen miliyan 60 zuwa 75 kafin a ce uwar kuɗi ta dawo. Duk adadin da zan ambata, ka auna shi da wannan.

Mu fara da Friends, don babu wurin da ya fi shi sauƙin gwaji. Mutum shida, shiri ɗaya, daga 1994 zuwa 2004, kashi 236, farin jini kusan ɗaya, har albashi ɗaya, don a zango biyu na ƙarshe kowannensu dala miliyan 1 yake karɓa a kashi guda. Da a ce suna kaɗai ke sayar da tikiti, da duka sun tashi tare. David Schwimmer ya yi The Pallbearer a 1996 tare da Gwyneth Paltrow, fim ɗin bai kai dala miliyan 6 a Amurka ba. Ya sake gwadawa da Kissing a Fool a 1998, nan ma kwantai. Matthew Perry ya yi Fools Rush In a 1997 tare da Salma Hayek, labarin ɗan New York da aka tura Las Vegas kula da wani gini, ya haɗu da 'yar gidan 'yan asalin Meziko, ciki ya shiga, aka ɗaura aure, sannan aka fara sanin juna. Wannan ya fi sauran nasa kyau nesa ba kusa ba, kuma dalilin Salma Hayek ce: tana da zafi, shi yana da kame-kame, sai abin ya zauna. Da ya zo Three to Tango a 1999 sai aka tara 'yan talabijin zalla, shi da Neve Campbell ta Party of Five da Dylan McDermott na The Practice. Mai kallo ya duba hoton talla ya ga fuskoki uku da yake gani kyauta a falonsa kowane mako, me zai fitar da shi cikin sanyi ya biya kuɗi? Fim ɗin ko kuɗin haɗa shi bai mayar ba.

Jennifer Aniston ita ma ba da ƙafar dama ta fara ba. Picture Perfect na 1997, inda ta fito a ma'aikaciyar kamfanin talla da ta ƙirƙiri saurayin ƙarya don ta sami ƙarin girma, an ɗora mata fim ɗin kacokan, ba ta faɗi ba amma ba ta tashi ba, kuma duk wanda ya kalla Rachel ta Friends ya gani an sauya mata ofis. Abin ya juya ne lokacin da ta daina ɗaukar jinka da hannu ɗaya. Along Came Polly na 2004 da Ben Stiller ya haura dala miliyan 170, The Break-Up na 2006 da Vince Vaughn ya haura miliyan 200, Just Go with It na 2011 da Adam Sandler shi ma ya haura 200. Masu suka sukan ce ai mazan ne suka jawo jama'a. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Shekara goma ta yi tana aiki a tsakiyar mutum biyar, ta ƙware a abin da ya fi wuya a barkwanci, wato karɓar maganar wani ta mayar masa a daidai lokacin. Duba rigimar bayan cin abincin dare a The Break-Up. Ta aike shi ya sayo lemon tsami goma sha biyu ya kawo uku, baƙi sun tafi, yana kwance kan kujera da abin wasan bidiyo a hannu, ita tana tsaye tana maganar wanke-wanke. Ba kwanukan ne damuwarta ba, so take ya ji a ransa yana son ya taya ta. Shi yana zuba zance kamar famfo, ita tana taka masa burki da gajerun kalmomi da kallo. Dariya kake, amma cikinka ya ɗuri ruwa, don ka san irin wannan faɗan a gidajen gaske. A ƙarshen fim ɗin ma ba a mayar da su tare ba.

To wannan shi ne ma'auni na farko, kuma a wurina shi ya fi kowanne nauyi: da wa aka haɗa shi? Fim ɗin soyayya aikin mutum biyu ne.

Na biyu shi ne irin makarantar da ya fito. Mutane suna cewa ɗan talabijin kamar duk abu ɗaya ne, alhali aƙalla iri uku ne. Akwai shirin barkwanci na minti 22 da ake ɗauka a gaban 'yan kallo da kyamara uku ko huɗu a lokaci guda, kamar Friends da That '70s Show. A nan jarumi ya saba ya jefa magana ya dakata daƙiƙa biyu ko uku dariya ta lafa, yana cike gurbin da ɗaga gira ko zare ido, yana ɗaga murya don na kujerar baya ya ji. Ka kai wannan ɗabi'ar gaban kyamarar fim, inda babu mai dariya a wurin ɗauka, kuma fuskarsa za ta cika allon da ya fi bangon ɗaki girma. Dakatawar nan sai ta zama rami, ɗaga girar ta zama ihu. Mai tace fim zai iya datse shirun, amma in jarumin ya riga ya saki fuska yana jiran dariya, babu almakashin da zai gyara. Wannan ne ya fi cin Matthew Perry: salonsa na danna wata kalma a tsakiyar jimla ya shahara har duk inda ya buɗe baki Chandler, rawarsa ta Friends, ake ji.

Iri na biyu shi ne shiri mai dogon zango na minti 42, kamar ER da Grey's Anatomy, wanda ake ɗauka fitowa bayan fitowa kamar fim, wajen kwana takwas a kashi ɗaya. Waɗannan sun saba da kyamara a kusa da hanci, sun iya yin kaɗan. Matsalarsu ita ce ko suna da saurin baki. George Clooney yana cikin ER ya yi One Fine Day a 1996 da Michelle Pfeiffer, iyaye biyu marasa aure da yaransu suka makara zuwa yawon makaranta, wayoyinsu suka musanyu, suka wuni suna cin karo a New York. Kasuwarsa matsakaiciya ce, amma ka kalle shi yau za ka ga mutumin da allon sinima ya karɓa tun ranar farko, duk da sunkuyar da kan nan da ya taho da shi daga asibitin ER. Iri na uku, barkwancin kyamara ɗaya marar 'yan kallo, irin The Office da 30 Rock, shi ya fi kusa da fim. Shi ya sa da aka haɗa Steve Carell da Tina Fey a Date Night a 2010, a matsayin mata da miji da aure ya yi musu sanyi suka karɓi teburin wasu a gidan abinci suka faɗa hannun miyagun 'yan daba, babu wanda ya ji ɗinki. An kashe wajen miliyan 55, ya kawo kusan 150.

Sai dai kada ka ɗauki wannan rabon a matsayin doka, don wadda ta fi kowa cin riba a wannan ƙaura daga shirin 'yan kallo ta fito. Helen Hunt tana tsakiyar Mad About You ta yi As Good as It Gets a 1997, ta fito a mai kai abinci a teburi, da ɗa mai ciwon asma, gaban Jack Nicholson wanda ya fito a marubuci mai cutar waswasi da baƙar magana. Fim ɗin ya haura dala miliyan 300, su biyun suka ɗauki Oscar, ita kuma a shekarar 1998 ɗin ta haɗa da Emmy, kyautar 'yan talabijin, saboda shirinta. Me ya bambanta ta? Abu uku suka haɗu. Shirinta dama na mutum biyu ne, mata da miji suna zance a ɗaki, don haka shekaru ta yi tana atisayen abin da fim ɗin soyayya ke nema. Daraktan, James L. Brooks, shi kansa ɗan talabijin ne, hannunsa na cikin Taxi da The Simpsons, ya san inda ake rage wa ɗan talabijin wuta. Sannan an ba ta rawar da ta yi nesa da ta shirinta daidai gwargwado: harshen nan mai kaifi yana nan, amma mace ce da talauci da rashin barci suka gajiyar. A fitowar da ta ce ya yabe ta ko ta tashi ta bar masa teburin, Nicholson ne ke magana, amma fuskarta ce ke ɗauke da fitowar.

Nan ma'auni na uku ya shigo: tazarar da ke tsakanin rawar talabijin da ta fim. In babu tazara, mutane su ce sun gani a gida. In ta yi yawa, masoyan da aka yi lissafi da su su ce ba wannan suka zo gani ba. Taku ɗaya ake so. Tom Hanks ya fito daga Bosom Buddies, wanda zango biyu kawai ya yi, ya shiga Splash a 1984 a hannun Ron Howard, wani tsohon ɗan talabijin. Rashin daɗewar shirin ya zame masa alheri, don babu sunan da ya manne masa. Bruce Willis ya yi akasin haka: yana cikin Moonlighting ya yi Blind Date a 1987 da Kim Basinger, aka karɓa ba yabo ba fallasa, sai Die Hard na 1988 ya nuna ba a soyayya abincinsa yake ba. Will Smith kuma ƙin bin wannan ƙofa ya yi gaba ɗaya. The Fresh Prince of Bel-Air ya ƙare a 1996, ya bi ta finafinan faɗa, bai taɓa na soyayya mai barkwanci a matsayin jagora ba sai Hitch a 2005, wanda ya haura dala miliyan 360. A cikin Hitch ɗin akwai darasi na biyu: Kevin James na The King of Queens ya shigo a ɗan rakiya, akawu mai ƙiba da rawar ban dariya, ya sace zukata ba tare da nauyin fim yana wuyansa ba. Shiga ta gefe ta fi aminci.

Katherine Heigl ita ce misalin wadda ƙofar ta buɗe wa har ta yi yawa. Tana Grey's Anatomy ta yi Knocked Up a 2007, kuɗin haɗi wajen miliyan 30, ya haura 200. 27 Dresses na 2008, labarin wadda ta yi ƙawar amarya sau 27 ba ta yi nata auren ba, ya kawo wajen 160 a kan irin wancan jarin. The Ugly Truth na 2009 da Gerard Butler ya haura 200. Uku a jere, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma duba matan da take fitowa: kullum mai tsari ce, mai rubuta komai a takarda, mai ɗaure fuska, sai wani ɗan sharholiya ya zo ya warware ta. Ta bar shirin a 2010, a shekarar ta fito a Killers da Life as We Know It, duka mace ɗaya ce a riga daban. Zuwa One for the Money na 2012 kasuwa ta watse. An fi jingina faɗuwarta da maganganunta, sukar da ta yi wa yadda Knocked Up ya nuna mata, da janye sunanta daga takarar Emmy a 2008 bisa cewa ba a ba ta rubutun da ya kai ba. Waɗannan sun ɓata mata da masu ba da aiki, gaskiya ne. Amma mai sayen tikiti maimaicin ne ya gundure shi. A talabijin maimaita hali shi ne sana'ar, mutane suna dawowa don su tarar da kai yadda suka bar ka. A sinima kowane tikiti sabon ciniki ne.

Akwai kuma bambancin ginin labari, wanda masu rubutu suka fi jarumai sani. Shirin talabijin da jan rai yake rayuwa: Ross da Rachel na Friends shekara goma ana za su ko ba za su ba. Fim kuwa minti 90 zuwa 110 ne. Dole su haɗu cikin minti 15 na farko, wajen tsakiya wani abu ya ƙulla, wajen kashi uku cikin huɗu a ɓata, sauran minti 15 zuwa 20 a shirya. Jarumin da ya saba masu kallo sun zo da son sa a aljihu, a nan minti goma gare shi ya sa baƙo ya damu da shi. Wanda ya gane haka sosai shi ne Jason Segel na How I Met Your Mother, sai ya zauna ya rubuta wa kansa Forgetting Sarah Marshall na 2008. Tun a farkon fim budurwa ta rabu da shi a yanayin da ya fi kowanne wulaƙanci, ka tausaya masa kafin ka tuna daga wane shiri ya fito. Fim ne da ya karya abin da na faɗa kan tara 'yan talabijin, don Kristen Bell ta Veronica Mars ce, Mila Kunis kuma ta That '70s Show, amma ya haura miliyan 100 a kan jarin 30. Bambancinsa da Three to Tango shi ne ba fuskoki aka tallata ba, labari da sunan furodusa Judd Apatow aka tallata, har an mai da ita Bell ɗin tauraruwar wani shirin 'yan sanda na talabijin ana tsokanar sana'ar da kanta.

In kana son gwajin da ya fi kowanne tsafta, ɗauki shekarar 2011. No Strings Attached ya fito a Janairu, Ashton Kutcher da Natalie Portman. Friends with Benefits ya fito a Yuli, Mila Kunis da Justin Timberlake. Labari kusan ɗaya, abokai biyu da suka yi alkawarin ba soyayya sai ta kama su. Kutcher da Kunis shiri ɗaya suka fito, daga baya ma suka yi aure a 2015. Kasuwa kunnen doki aka yi, kowanne ya tashi da kusan dala miliyan 150. Amma na biyun ya fi daɗin kallo, kuma masu sharhi sun fi yaba shi. Darakta Will Gluck ya sa su magana da sauri suna hawa kan zancen juna, babu gurbin jiran dariya, Kunis kuma a nan ta fi ƙarfi. Kutcher a ɗayan yana nan da sakin bakin nan na yaron kirki marar wayo, Portman tana wasa a wani mizani daban, kamar kowa da gangarsa.

Kai da ka saba da finafinan Indiya, wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare ka. Sharukan daga shirye-shiryen Doordarshan, tashar talabijin ta gwamnatin Indiya, ya fito, Fauji da Circus, kafin Deewana a 1992. Marigayi Sushant Singh Rajput daga Pavitra Rishta na Zee TV ya fito, amma ya fara da Kai Po Che a 2013, labarin abokai uku, sannan a shekarar ya yi Shuddh Desi Romance. Shi ma ta gefe ya shiga, cikin taro, kafin a ɗora masa soyayya.

Yanzu katangar ta yi ƙasa. Daga wajen 2012 manyan kamfanoni suka rage yin finafinan matsakaicin jari, da yawa daga na soyayya suka koma Netflix da ire-irensa, shirye-shirye da yawa kuma suka koma kashi 8 zuwa 10 ana ɗaukarsu kamar fim. Duk da haka matsalar lokaci ba ta mutu ba: Constance Wu saura ƙiris ta rasa Crazy Rich Asians na 2018 saboda aikinta a Fresh Off the Boat, sai da darakta Jon M. Chu ya ɗage ɗauka da watanni ya jira ta. Jarin miliyan 30 ya kawo sama da 230. Sydney Sweeney ta Euphoria ta yi Anyone but You da Glen Powell a Disambar 2023, a hannun Will Gluck ɗin nan dai. Ƙarshen makon farko wajen miliyan 6 kawai ya kawo, wanda ke nuna sunanta bai cika sinima ba. Labarin baki da baki da bidiyoyin TikTok suka riƙe shi makonni har ya kai wajen miliyan 220 a kan jarin 25.

In za ka zauna ka kwatanta da kanka, kalli kashi biyu na shirin jarumin tukuna, sannan minti 20 na farkon fim ɗin, ka ga ko za ka iya kiransa da sunan fim ɗin ba sunan shirin ba. Sai ka nemi fitowar da suke rigima, ka kashe murya, ka zuba wa wanda ba ya magana ido. In saurare yake, fuskarsa tana sauyawa da abin da ake faɗa masa, ya ƙetare. In jiran layinsa yake, yana nan a talabijin. Ka kuma duba alamar shekaru kafin ka kunna a falo: One Fine Day PG ne, wato yara na iya kallo da sa idon iyaye, 27 Dresses da Hitch da Date Night da Crazy Rich Asians da As Good as It Gets PG-13 ne, wato a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13, amma Knocked Up da Forgetting Sarah Marshall da The Ugly Truth da Anyone but You da tagwayen nan na 2011 duka R ne, wato na manya, akwai batsa a baki, wasu har da tsiraici, ba na kallo da yara ko surukai ba ne.